Yadda na bi Abe ƙauyensu cin sallah a Kelantan

Shekarata biyu cif a Maleshiya ban taɓa taka ƙafata cikin gidan ɗan ƙasar ba, wallahi ko ni da nake rubuta wannan sai da na ji kunya. Jami'armu tana jihar Selangor, kusa da Kuala Lumpur, kuma 'yan Najeriya a wurin kamar ka yi shara da mu, 'yan Kano, 'yan Katsina, 'yan Bauchi, 'yan Sakkwato, muna da guruf ɗinmu na WhatsApp, muna da mai yi mana tuwon semo da miyar kuka ranar Asabar, muna da shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, da muke zama mu sha shayin madarar da suke cewa teh tarik mu kalli ƙwallon Ingila har ƙarfe ukun dare ana musu da Hausa kamar a majalisar bakin titi a Gwammaja. To me zai kai ka neman wani aboki? Larabawan Yaman suna tasu ƙungiyar, 'yan Iraƙi haka, 'yan Bangaladash haka, kowa ya kama nasa, sai dai a haɗu a masallaci a yi musabaha a watse.

Abe ɗin ma ba niyya ce ta haɗa mu ba, tebur ne. Sufabaiza ɗinmu ɗaya, kujerarsa tana kusa da tawa, mun yi kusan wata biyar gaisuwa kawai ke haɗa mu don Malayawa akwai kunya, mutum zai yi maka murmushi shekara guda bai ce maka uffan ba. Ranar da muka fara magana da gaske ina neman gidan haya ne, na kira dillalai uku, duk wanda ya ji na ce Najeriya sai gidan ya zama an riga an kama, na ajiye wayar raina a ɓace, shi ne ya miƙo hannu ya karɓa ya kira da yarensu, cikin kwana biyu na samu ɗaki. Ni kuma na dinga gyara masa Turancin rubutunsa. Abe ba sunansa ba ne, haka 'yan jiharsu ta Kelantan, can arewa maso gabashin ƙasar, ke cewa yaya, na ji ƙanwarsa na kiransa haka a waya ni ma na ɗauka, ya bi shi ke nan.

Azumin 2019 saura kamar kwana goma ya ce min Mak, wato mahaifiyarsa, ta ce ya zo da ni sallah. Da na faɗa wa mutanenmu kowa ya kawo tasa, wani ya ce ƙauyen da ba ka san kowa ba, wani ya ce za ka ci abin da za ka yi sati kana zawo, wani kuma cewa ya yi wa zai yanka mana albasa ranar sallah. Na ce su yi haƙuri, na sa kaftanina guda biyu da hula a jaka, da ragowar yajin da Hajiya ta aiko min a gwangwanin madara.

Mun tashi daren Litinin 3 ga Yuni bayan tarawi, wajen sha ɗaya, a 'yar motarsa Myvi, mu huɗu, shi da ƙanwarsa da wani ɗan baffansu da ni. Tun da magariba an riga an sanar a talabijin cewa sallah sai Laraba, su ba a jiran kowa ya kira kowa, mutum ɗaya ne daga fadar sarakunansu zai fito ya karanta shi ke nan. Kuɗin mai da na hanya muka raba, ni ringit 40 na bayar, lokacin ringit ɗaya tana wajen naira 86, litar mai kuma ringit 2.08, na lissafa na ga ta ɗan fi 145 ɗinmu ta wancan lokacin. Nisan Kuala Lumpur zuwa Kota Bharu, babban birnin Kelantan, kusan kamar Kano zuwa Abuja ne, a ranar da ba komai awa bakwai zuwa takwas za ka yi. Mu awa goma sha biyar muka yi. Suna kiran abin balik kampung, komawa ƙauye, kuma sai ka ɗauka rabin mutanen Kuala Lumpur 'yan Kelantan ne, tun daga wurin biyan kuɗin hanya na Gombak gosulo ya kama, muka rarrafa muka shige ramin dutsen Genting Sempah, muka sauka Bentong, Raub, Kuala Lipis, duk a giya ɗaya da biyu. Abin da ya fi ɗaure min kai ba wanda ya buɗe sabon layi a hannun masu tahowa, ba hon, kowa ya bi bayan na gabansa yana hamma, na ce a raina da Kwanar Dangora ce da tuni an yi layi shida an kulle ta ko'ina.

Wajen ƙarfe huɗu da rabi muka tsaya sahur a wani gidan mai, shinkafa da soyayyen ƙwai da shayi, ringit 6, ina cikin ci waya ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa, an ga wata a gida, Sarkin Musulmi ya sanar gobe Talata sallah. Awa bakwai Maleshiya ta fi Najeriya gaba, wato lokacin a Kano ba a daɗe da isha ba. Na zauna riƙe da cokali ina karanta barka da sallah ɗaya bayan ɗaya, gida za a wayi gari ana cin tuwon sallah ni kuma ina ɗaukar na talatin a bakin titi a dajin Pahang. Ƙanwar Abe ta ce ai ni matafiyi ne in ajiye mana, na ce a'a garin da nake shi zan bi.

Kafin Gua Musang muka tarar da shingen 'yan sanda, irin wanda suke sawa lokacin bukukuwa saboda haɗari. Motoci na wucewa ana ɗaga musu hannu, da aka zo kanmu ya haska tocila ya ga fuskata a baya sai ya nuna mana gefe. Ba wanda aka tambaya komai sai ni, fasfo, katin ɗalibi, wace jami'a, me nake karanta, ina za ni, wa na sani a can. Na saba, ko a Kuala Lumpur ba na fita ba fasfo, wasu 'yan uwanmu masu damfarar mata a intanet sun riga sun ɓata mana suna, har akwai wani suna marar daɗi da jaridunsu ke kiran baƙar fata da shi. Amma Abe bai saba gani ba, na ga kunnensa ya yi ja, ya fito ya yi ta yi wa ɗan sandan magana da harshen Kelantan da sauri sauri, abin da na tsinta kawai shi ne baƙon Mak ne. Mutumin ya duba biza ya miƙo min ya ce selamat hari raya, wato barka da sallah. Sisi bai nema ba, wannan kam dole in faɗa. Mun yi tafiyar kusan rabin awa ba wanda ya ce komai sannan Abe ya ce in yi haƙuri, kamar shi ya tare ni.

Da gari ya waye muka ga duwatsun Gua Musang tsaye kamar an dasa su, daga nan kuma gonakin kwakwar manja hagu da dama har inda ido ya tsaya. Na ɗauko musu zancen da kowane ɗan Najeriya ke yi, cewa a wurinmu suka zo suka ɗebi irin, ɗan baffan nasu wanda harkar noma ya karanta ya yi dariya ya ce asalin bishiyar dai daga Afirka ta Yamma ne ba musu, amma gonar kasuwanci ta farko a Selangor aka kafa ta tun 1917, kakana ma lokacin bai yi wayo ba. Na yi shiru na kama kallon taga. Daga Kuala Krai zuwa Machang barci na yi.

Ƙauyen nasu yana wajen Pasir Mas, mun isa bayan azahar. Gidan katako ne a kan dogayen ƙafafu, sai ka hau matakala, ƙasan kuma babura da kaji da tulin kwakwa. Mahaifinsa ya nuna min wani layi a jikin ginshiƙi sama da kaina ya ce nan ruwa ya kai a ambaliyar ƙarshen 2014, wadda suke cewa bah kuning saboda launin taɓon da ta kwaso. Mak 'yar gajeruwa ce, ba ta jin Turanci ko kaɗan, ta tsaya a saman matakala tana kallona daga ƙafa har kai tana faɗin wani abu kowa na dariya, ashe cewa take Abe ya cuce ta, bai gaya mata tsawona ya kai haka ba. Sai washegari na gane dalilin damuwarta. Yaran unguwa kuwa sun cika ƙasan gidan suna leƙe, wani ɗan ƙarami ya lallaɓo ya shafa hannuna ya duba tafinsa, Tok kakarsu ta daka masa tsawa, ita ta je Makka ta ce ta ga irinmu da yawa a can kuma mun fi kowa ƙarfi wurin ɗawafi.

Ƙarfe huɗun yamma Hajiya ta kira ni a bidiyo, sun sauko daga idi ke nan, ƙannena sun ci ado, ana ta zuba abinci a kwanuka za a kai maƙwabta, ina jin kalangu a waje. Leɓena a bushe, na kwana a mota, na ce lafiya lau nake amma muryata ta ƙi. Mak tana gefe tana naɗe shinkafa a ganye sai ta matso ta karɓi wayar, ita da Hajiya suka yi kusan minti biyar, wannan na Hausa wannan na Malayanci, ba mai fassara, alhamdulillah da insha Allah da amin ne kawai suka haɗa su, amma da suka gama kowacce ta tabbatar min ɗayar mutuniyar kirki ce.

Buɗa-bakin ranar ne na haɗu da nasi kerabu, shinkafa shuɗiya, shuɗiya fa ta gaske kamar an tsoma ta a marinar Ƙofar Mata, wani fure suke sawa ya rina ta, da ɗanyun ganyayyaki yankakku da soyayyar kwakwa da kifi, sai wani baƙin ruwa a kwalba da suke cewa budu. Ƙananan kifi ne ake jiƙawa da gishiri watanni har su narke. Da aka buɗe kwalbar duk suka zuba min ido suna jira in gudu, na sunsuna na ce ai wannan daddawa ce ta ruwa, na zuba na ci na ƙara. Daga nan mahaifin Abe ya daina yi min kallon baƙo. Abin da ban iya jurewa ba sukari ne, mutanen nan har a miyar nama sai sun zuba, kaza gasasshiya ma da suke cewa ayam percik zaƙi take yi, shayinsu kuwa cokali zai iya tsayawa a ciki.

Da daddare aka kunna fitilun kananzir a jikin gora tun daga bakin hanya har ƙofar gida, yara na harba wata bindigar gora mai ƙara kamar ta 'yan tauri, maza kuma ana bi gida gida ana kabbara, kowane gida a ba ku abin taɓawa. Zakkar fidda-kai a masallaci na bayar, kuɗi ne, mutum na zaune da tebur ya karɓa ya ba ka rasit, ba mudu ba hatsi. Limamin ƙauyen a Azhar ya yi karatu, muka ɗan taɓa Larabci, da ya ji na yi makarantar allo sai ya matsa lallai ni zan ja isha. Na shiga na fara, ina cewa maliki yaumiddin sai na ji wani dattijo a bayana ya ja ta da ƙarfi, maaaliki, na ci gaba, na zo kan yuminuna ba hamza ya sake gyara min, gumi ya keto min. Bayan sallama ya juyo zai fara yi min nasiha, liman ya riga shi ya yi musu bayani cewa ruwayar Warshu ce, ita ake karantawa a Maroko da ƙasashenmu, su kuma Hafsu suka sani, kuma sakin hannun da suka ga na yi mazhabar Malikiyya ce su Shafi'iyya ne. Dattijon nan bai bar ni na tafi ba sai da na karanta masa Wadduha sau biyu yana kaɗa kai, washegari kuma shi ya fara zuwa ya ja ni gidansa.

Da safen sallah Mak ta fito da wata leda ta miƙo min. Baju melayu ce, riga da wando ruwan ganye da ɗan zanen da ake ɗaurawa a ƙugu da baƙar hula, ashe duk gidan launi ɗaya suke sawa, anko dai irin namu sak, kuma ta sa an ɗinka da ni tun kafin ta gan ni, a kan awon Abe wai an ɗan ƙara. Hannun rigar bai kai wuyan hannuna ba, wandon ya tsaya a ƙwauri. Na kalli kaftanina da na goge tun dare na mayar da shi jaka, na sa tata a haka.

Kafin a tafi masallaci aka yi wani abu da ban shirya masa ba. Iyayen suka zauna a kujera, 'ya'yan suka zo ɗaya bayan ɗaya daga babba, kowa ya durƙusa ya kama hannun uba ya sa goshinsa a kai ya roƙi gafara, sannan uwa, maaf zahir dan batin suke cewa, a yafe na fili da na ɓoye. Abe da nake gani ba ya magana, ƙato da gemu, kuka yake wiwi a cinyar Mak tana shafa kansa. Mu ma muna durƙusa wa iyaye, muna cewa a yafe mu, amma ni dai ban taɓa kama hannun Alhaji na lissafa masa laifina ba, kunya ma ba za ta bar ni ba shi ma ba zai tsaya ba. Ina raɓe a bakin ƙofa sai mahaifinsa ya yafito ni. Na je na durƙusa ban san me zan ce ba, da Hausa na ce Baba a yafe min, ya dafa kaina ya sa min wani koren ambulan a aljihu. Ringit 10 ce a ciki, barka da sallah, wai tunda ɗalibi ne ni ban yi aure ba har yanzu yaro ne, ina da shekara 29 fa.

Bayan idi aka wuce maƙabarta, maza da mata, aka share kaburbura aka karanta Yasin, daga nan sai yawon gidaje, kuma ba a aika abinci kamar yadda muke yi, kai za ka je ka ci, kowane gida ƙofa a buɗe. Gida tara na shiga ranar. Nasi dagang da miyar kifi, shinkafa mai danƙo da aka dafa a cikin gora, wata a naɗe cikin ganye mai kusurwa uku, tsire ƙanana da miyar gyaɗa, kuma in ka ce ka ƙoshi kamar ka zagi mai gidan ne. A gida na huɗu aka ajiye min wani abu a faranti na ɗanɗana na kusa yin ihu, dambun nama! Serunding suke ce masa, bambancin kawai nasu da ɗan zaƙi. Da yamma na ce ni ma bari in nuna tawa, na karɓi naman da za a gasa na barbaɗe shi da yajin Hajiya, mahaifin Abe ya ci yanka ɗaya ya yi ta tari hawaye na zuba, ya sha ruwa, ya sake miƙo hannu. Gwangwanin a can na baro shi.

A daren ne ina kwance a tabarma kusa da Abe da ƙannensa maza, fanka na juyawa, wani tunani ya hana ni barci. Lokacin da nake digirin farko a Kano akwai wani ɗan Kamaru a ajinmu da wasu 'yan kudu da ba sa tafiya gida hutun sallah, shekara huɗu muna tare, gidanmu bai fi kuɗin adaidaita ɗaya daga makaranta ba, kuma ko sau ɗaya bai taɓa zuwa min a rai in ce wani ya zo ya ci tuwon sallah ba. Ba ƙiyayya ba ce, kawai ban gan su ba.

Rana ta uku muka shiga Kota Bharu. Allunan shaguna da na tituna duk da rubutun Larabci a kai, jawi suke cewa, ajaminsu ke nan, na dinga karantawa da ƙarfi ba tare da na san ma'ana ba ƙanwar Abe na dariya wai na fi ta iyawa. Jihar ma hutun mako Juma'a da Asabar suke yi. Kasuwar Siti Khadijah kuwa kusan duk mata ne ke da rumfunan, suna zaune a tsakiyar tulin kayan miya da gwala-gwalai a hannu, wata ta ƙi karɓar kuɗin ayabar da na saya wai sadakar ɗalibi. Daga nan Rantau Panjang, bakin iyakar Tailan, wani ɗan kogi ne kawai Golok ya raba su, kana hango mutanen can suna shanya, kuma yarensu ɗaya danginsu ɗaya, wasu ma cikin waɗanda muka ci abinci da su ranar sallah daga can suka tsallako. Maigatari ce kawai ta faɗo min. Ni dai da koren fasfona ba biza a bakin gada na tsaya na sha ruwan kwakwa.

Abe zai ƙara sati, ni kuma sufabaiza na jira, don haka daren Asabar na hau bas daga Kota Bharu, wajen ringit 50, sanyin esi kamar firij, ban farka ba sai a tashar TBS ta Kuala Lumpur. Mak ta haɗo ni da kwali, serunding, shinkafar ganye, kayan zaƙi, da kwalbar budu guda wadda abokan zamana suka yi taro a kanta suka yanke hukunci ba za ta kwana a firij ɗinmu ba, a baranda ta ƙare. Serunding ɗin kuwa ko kwana biyu bai yi ba, har da mai cewa zan yi zawo a masu ci.

Da na kira Hajiya na ba ta labari na ce Abe na tambaya in ya zo Kano ina zai kwana, ta ce wace irin tambaya ce wannan, ɗakinka mana, kai ka koma shago wurin ƙannenka. Sannan ta ce in tambayo mata uwar tasa wane launi take so, akwai mai tahowa a watan gobe za ta ba shi atamfa turmi biyu da yaji, amma wannan karon za ta rage barkonon saboda tsohon.